Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Tarihin Ƙwayar Hana Ɗaukar Ciki da Koken Zuciyar Mata

Gabatarwa

Galibin magunguna majinyaci ake ba, ya sha na 'yan kwanaki, ya warke ya ajiye. Ƙwayar hana ɗaukar ciki ta saɓa wa wannan tsari, domin mace mai ƙoshin lafiya ce take haɗiyar ta kullum, wata bayan wata, wani lokaci har shekara goma. Tun daga 1960 da Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince da ita, an yi rubuce-rubuce masu yawa a kan tasirinta ga yawan jama'a da tattalin arziki da aure da addini. Tambayar da aka daɗe ana yi wa riƙon sakainar kashi ita ce wadda ta fi kowacce sauƙi: ita mai shan maganin, yaya take ji a ranta?

Wannan maƙala za ta bi sawun wannan tambaya daga unguwannin talakawa na New York zuwa tsibirin Puerto Rico, daga zauren Majalisar Dattawan Amurka zuwa rajistar asibitocin Denmak. Abin da za ta nuna shi ne, a kowane zango na wannan tarihi mata sun faɗi abin da ke damunsu tun da wuri, kuma sun faɗe shi a fili. Jinkirin da aka samu daga wajen masu saurare ne.

Tsoron da Ya Haifi Ƙwayar

Kafin a yi maganar abin da ƙwayar ta jawo wa zuciyar mace, adalci ne a fara da nauyin da aka ƙirƙire ta domin ta sauke. Margaret Sanger, wadda aka haifa a 1879, ta tashi tana kallon mahaifiyarta da ta yi ciki 18, ta haifi 11 da rai, sannan ta rasu tana wajen shekara 50 bayan doguwar jinyar tarin fuka. Da Sanger ta zama ma'aikaciyar jinya a unguwannin baƙin haure na New York, sai ta riƙa tarar da matan da jini ya ɓalle musu sakamakon zubar da ciki a ɓoye. A lokacin, dokar Comstock ta 1873 ta sanya bayani a kan hana ɗaukar ciki cikin jerin batsa, ta haramta aika shi ta gidan waya. A watan Oktoba na 1916 Sanger ta buɗe ɗakin ba da shawara a unguwar Brownsville ta Brooklyn. Ɗaruruwan mata suka yi layi, 'yan sanda suka rufe wurin cikin kwana goma, ita kuma daga baya ta yi zaman kurkuku na kwana 30.

A 1928 ta tattara wasu daga cikin dubban wasiƙun da mata suka rubuto mata a littafin Motherhood in Bondage. Abin da ya fi yawa a wasiƙun shi ne tsoro. Akwai mai lissafin kwanaki kowane wata cikin zulumi, da mai ƙaurace wa mijin da take so saboda likita ya gargaɗe ta cewa haihuwa ta gaba za ta iya zama ajalinta, bai kuma gaya mata yadda za ta kauce ba. Tarihi ya riƙe wa Sanger laifin haɗa kai da masu aƙidar nan ta “gyaran iri”, waɗanda ke ganin akwai mutanen da bai kamata su hayayyafa ba, kuma wannan tabo ne da ba ya gogewa. Duk da haka wasiƙun ba ita ta ƙirƙire su ba. Shaida ce cewa fargabar cikin da ba a shirya masa ba ciwo ne na zuciya mai zaman kansa.

A 1951 Sanger ta haɗu da masanin halittu Gregory Pincus. A wannan shekara kuma, a birnin Meziko, Carl Djerassi da Luis Miramontes da George Rosenkranz na kamfanin Syntex suka harhaɗa wani sinadari mai kwaikwayon furojestaron, wato sinadarin da jikin mai ciki ke samarwa ya hana ƙwai sake fitowa. Asalin kayan haɗin daga wata doyar daji ta Meziko aka tatso shi. Attajira Katharine McCormick ta zuba kimanin dala miliyan biyu, Pincus da Min Chueh Chang suka yi gwaji a kan zomaye da ɓeraye, likitan mata John Rock ya jarraba a kan wasu majinyatansa. Mata biyu ne suka nemi maganin, suka biya kuɗinsa, amma hukuncin abin da za a ƙidaya a matsayin illa ya faɗa hannun maza masu bincike.

Río Piedras, 1956

Dokar jihar Massachusetts, inda Pincus da Rock ke aiki, ta haramta hana ɗaukar ciki, saboda haka babban gwaji ba zai yiwu a can ba. Sai suka juya ga Puerto Rico, tsibirin da ke ƙarƙashin ikon Amurka, inda doka ta halatta abin tun 1937, ga talauci ga cunkoso. A can aikin juyar da mahaifa na dindindin ya zama ruwan dare, har binciken 1965 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na iyaye mata masu shekara 20 zuwa 49 an yi musu shi. Macen da zaɓinta bai wuce haihuwa babu hutu ko tiyatar da ba a dawowa daga gare ta ba, ba abin mamaki ba ne ta yi maraba da ƙwayar da za ta iya ajiyewa ranar da ta so.

An fara gwajin a watan Afrilu na 1956 a rukunin gidajen talakawa na Río Piedras, ƙarƙashin kulawar likita Edris Rice-Wray. An gaya wa matan cewa maganin yana hana ciki. Ba a gaya musu cewa gwaji ake yi a kansu ba. Ƙwayar, mai suna Enovid, tana ɗauke da maikirogiram 150 na istirojin, alhali ƙwayoyin yau galibi 20 zuwa 35 suke ɗauke da shi. Kafin shekara ta zagayo Rice-Wray ta rubuta wa Pincus cewa maganin yana aiki ɗari bisa ɗari in an sha shi daidai, amma kashi 17 cikin ɗari na matan suna kukan tashin zuciya da jiri da ciwon kai da ciwon ciki da amai, kuma illolin sun yi yawan da jama'a ba za su karɓi maganin a haka ba.

Amsar da Pincus da Rock suka bayar ita ce za ta zama waƙar likitoci na tsawon shekaru: yawancin koken daga ƙwaƙwalwa yake, tsoro ne da jita-jita. Pincus ma ya nemi hujja. Ya sa aka ba wasu mata ƙwayar da babu magani a cikinta tare da gargaɗin illoli, ya ga su ma sun yi ƙorafi. Wannan ya tabbatar da abu ɗaya na gaskiya, cewa tsammanin illa kan jawo jin illa. Amma an miƙar da hujjar fiye da inda ta tsaya, aka mayar da ita lasisin watsi da kowane koke. Mata uku sun rasu a lokacin gwaje-gwajen, ba a binciki gawarsu ba, don haka babu wanda ya tantance ko ƙwayar na da hannu. Idan ciwon kai da amai, waɗanda ake iya gani, an kira su saƙar zuci, to ina ga ƙuncin rai da babu ma'aunin da zai nuna shi?

Daga Murna Zuwa Zauren Majalisa

An amince da Enovid a 1957 a matsayin maganin rikicewar al'ada, sannan a 1960 a matsayin maganin hana ɗaukar ciki. Zuwa 1965 matan Amurka kimanin miliyan shida da rabi ne ke sha. Ga da yawansu saukin da suka samu na gaske ne: karatu ya yiwu, aiki ya yiwu, kwanciyar aure ta rabu da fargaba. Wannan ma wani ɓangare ne na tarihin zuciyar mata da ƙwayar, kuma shi ya sa da yawa suka haɗiye illolinta suka yi shiru, gudun kada ƙorafi ya sa a janye ta.

Jiki magayi. A 1961 mujallar likitoci ta Lancet ta buga rahoton farko na daskarewar jini a jijiyar mai shan ƙwayar, binciken da aka yi a Birtaniya a 1968 ya tabbatar da alaƙar, a ƙarshen 1969 kuma hukumomin can suka ba da shawarar kada istirojin ya wuce maikirogiram 50. Daskarewar jini tana barin gawa, shi ya sa aka gaskata ta cikin shekara goma. Baƙin ciki marar dalili da saurin fushi da mutuwar sha'awa ba sa barin komai sai maganar mai ɗauke da su.

'Yar jarida Barbara Seaman ce ta tattara wannan magana. Littafinta na 1969, The Doctors' Case Against the Pill, ya haɗa bayanan likitoci da labaran matan da suka sha, ciki har da masu kukan tsananin damuwa da gushewar sha'awa. Littafin ya sa Sanata Gaylord Nelson na jihar Wisconsin ya kira zaman sauraron bahasi a watan Janairu na 1970. An gayyaci ƙwararru ɗaya bayan ɗaya, amma ba a gayyaci ko mace ɗaya ta ba da shaida a matsayin mai shan maganin ba. Alice Wolfson da abokan gwagwarmayarta na birnin Washinton suna zaune cikin 'yan kallo, mafi yawansu masu shan ƙwayar ne, suna jin illolin da likitocinsu ba su taɓa gaya musu ba. Sai suka miƙe suka katse zaman, suna tambayar dalilin da ya sa babu majinyaciya cikin masu shaida, da dalilin da ya sa babu irin wannan ƙwaya ta maza. Aka fitar da su, kyamarorin talabijin na ɗauka.

Sakamakon wannan zama shi ne 'yar takardar bayanin illoli da ake samu a cikin kwalin magani. Ƙungiyar likitocin Amurka ta yi adawa da ita, tana cewa za ta shiga tsakanin likita da majinyacinsa, ta kuma tsorata mata. Daftarin farko mai kalmomi kimanin 600 aka zaftare shi ya koma 'yan layuka, sai a 1978 aka wajabta cikakken bayani. A 1975 Seaman da Wolfson da wasu mata uku suka kafa ƙungiyar National Women's Health Network. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ji Hausawa, kuma a nan karin maganar ta zama tarihi.

Neman Hujja

Masu bincike sun ci gaba da ƙoƙarin gano ko koken na gaske ne, wani lokaci ta hanyar da ta ƙara tabbatar da rainin da ake ƙorafi a kai. A birnin San Antonio na jihar Texas, Joseph Goldzieher ya gudanar da gwajin da aka buga a 1971 a kan mata kusan 400, galibinsu talakawa 'yan asalin Meziko da suka je neman maganin hana ciki. An ba wasu ƙwayar bogi ba da saninsu ba, aka ce su haɗa da wani man shafawa. Wasunsu suka ɗauki cikin da suka je gujewa. Domin a gane ko damuwar mace ta gaske ce, sai aka ɗora mata dalilin damuwa mafi girma.

A Birtaniya, ƙungiyar likitocin iyali ta fara bibiyar mata kimanin 46,000 a 1968, rahotonta na 1974 kuma ya sami koken damuwa ya ɗan fi yawa tsakanin masu shan ƙwayar. A shekarun nan ne aka yi hasashen ƙarancin bitamin B6 ne sanadi ga wasu. Daga nan aka rage ƙarfin ƙwayoyin, sababbin bincike suka riƙa saɓa wa juna, tambayar ta kwanta ba tare da an amsa ta ba.

A 2016 ta sake tashi. Charlotte Skovlund da Øjvind Lidegaard da abokan aikinsu na Jami'ar Copenhagen suka bi rajistar lafiya ta matan Denmak sama da miliyan ɗaya, masu shekara 15 zuwa 34, daga 2000 zuwa 2013. Sun sami cewa yiwuwar a fara ba mace maganin ciwon damuwa ta ƙaru da kashi 23 cikin ɗari ga masu shan ƙwaya mai sinadari biyu, da kashi 34 ga masu shan mai sinadari ɗaya, ga 'yan shekara 15 zuwa 19 kuwa ta ƙaru da kusan kashi 80. Waɗannan alƙaluma suna buƙatar a karanta su da natsuwa. A zahirin lissafi, cikin kowace mace 100 a shekara, kimanin 2.2 ne cikin masu amfani da magungunan suka fara maganin damuwa, a kan 1.7 cikin waɗanda ba sa amfani da su. Ƙari ne na gaske amma ƙarami, kuma irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya yanke hukuncin sanadi.

Gwajin da aka buga a Suwidin a 2017 ya matsa kusa da sanadin. An raba mata 340 gida biyu, wasu suka sha ƙwaya ta gaske wasu ta bogi na wata uku, da saninsu da yardarsu. Masu shan ta gaske sun ba da rahoton raguwar walwala da kuzari, amma ba a sami bambanci mai ƙarfi a ciwon damuwa ba. A ɗaya ɓangaren, tun 2006 Amurka ta amince da wani nau'in ƙwayar a matsayin maganin matsanancin ƙuncin da wasu mata kan shiga gab da al'ada. A 2018 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta nemi a ƙara gargaɗi a kan sauyin yanayin rai a takardun waɗannan magunguna. Abin da hujjojin suka taru a kai shi ne mafi yawan mata ba sa samun matsala, wasu ma sauƙi suke samu, amma akwai 'yan tsiraru, musamman matasa, da maganin ke taɓa musu rai, kuma babu gwajin jini da zai nuna su tun kafin su fara. Hanya ɗaya ce ta gane su, wato a tambaye su, a kuma yarda da amsarsu.

Ranar da Maza Suka Ɗanɗana

A shekarar 2016 ɗin nan aka buga sakamakon wani gwaji da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki nauyinsa tare da wata cibiya, inda aka yi wa maza 320 allurar sinadarai duk bayan mako takwas domin rage ƙwayoyin maniyyi. Allurar ta yi aiki ƙwarai. Amma a 2011 kwamitin sa ido ya ba da shawarar a dakatar, kuma sauyin yanayin rai da damuwa na cikin manyan dalilansa. Ba daidai ba ne a ce mazan raki suka yi, domin 20 kawai suka janye saboda illoli, sama da kashi uku cikin huɗu kuma suka ce za su so su ci gaba. Kwamitin yana da hujjarsa: namiji ba ya fuskantar haɗarin naƙuda, don haka ma'aunin illa da amfani a kansa daban ne. Duk da haka kwatancin yana da zafi. Koken da aka kira saƙar zuci a Río Piedras, irinsa ne ya isa ya tsayar da bincike bayan shekara 55. Ƙa'idojin bincike sun inganta, wannan gaskiya ne, kuma matan da suka miƙe a zauren Nelson na cikin waɗanda suka inganta su.

Abin da Ya Iso Ƙasar Hausa

Jikokin Enovid suna nan a asibitocinmu: ƙwaya, da allurar wata uku, da ashanar hannu, da robar mahaifa. Sun tarar da al'ummar da ta san tazarar haihuwa tun kafin zuwansu. Shayarwa ta kusan shekara biyu, da tafiya wankan jego gidan iyaye, da gorin kwanika da ake yi wa wadda ta yi ciki da goyo, duk dabaru ne na ba uwa hutu. Malaman fiƙihu kuma, da suka tattauna azlu ƙarnoni da suka wuce, mafi yawansu sun shardanta izinin matar, saboda tana da haƙƙi a haihuwa da jin daɗi. Yardar mace, wadda masu gwajin Puerto Rico suka tsallake, tsohuwar magana ce a littattafanmu.

Nauyin zuciyar da Bahaushiya ke ɗauka yana da nasa kamannin. Allura da ashana kan rikita al'ada, kuma ɗigon jinin da likita zai kira ƙaramar illa, ga ita tambaya ce ta salla da azumi da shimfiɗar miji. Ɗaukewar al'ada kuma kan haifar da tsoron cewa jini na taruwa a ciki ko mahaifa ta mutu, alhali allurar jinkirta dawowar haihuwa take yi da wasu watanni, ba ta kashe ta. Ga wadda ke yi a ɓoye saboda miji ko uwar miji ko gasar kishiya, ba ta da wanda za ta kai wa kuka in abin ya juya mata. Zargi ma yana da tushe. Gwajin maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da dakatar da rigakafin shan-inna a 2003 bisa jita-jitar cewa yana hana haihuwa, sun nuna yadda amana kan rushe da yadda gyaranta ke da wuya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami kashi 12 cikin ɗari ne kacal na matan aure a Nijeriya ke amfani da hanyoyin zamani. Ma'aikaciyar lafiyar da ta ce wa mai ƙorafi “ba komai ba ne, zai wuce” ba tare da bayani ba, amsar Pincus take maimaitawa, kuma matar da aka sallama haka takan daina zuwa, ta kuma gaya wa maƙwabta.

Kammalawa

A 1994 ƙasashe 179 suka taru a Alƙahira suka amince cewa manufar tsarin iyali ita ce lafiya da zaɓin mutum, aka rage ƙarfin maganar cika adadi. Daga layin Brownsville zuwa wannan matsaya an ɗauki shekara 78, daga rahoton Rice-Wray zuwa gargaɗin Turai kuma sama da shekara 60. A tsakanin waɗannan shekaru mata sun ɗauki tsoro iri biyu, na cikin da ba su shirya masa ba da na maganin da ba a yi musu bayaninsa ba, kuma duk wanda ya ɗauki ɗaya ya yi watsi da ɗayan bai yi musu adalci ba. Mai tsoratar da mace daga maganin da zai ceci ranta da mai ɓoye mata illarsa, dukkansu sun yanke hukunci a madadinta.

Abin da tarihin ya bari a aikace ba shi da wuyar faɗa. A gaya wa mace abin da zai iya faruwa ga jininta da ranta kafin ta fara. A tambaye ta ko ta taɓa fama da damuwa. In ta dawo ta ce ba ta jin kanta yadda ta saba, a rubuta, a duba, a ba ta damar canza hanya. Kimiyya ta auna sinadari har zuwa maikirogiram, amma yoyon ɗakin mai ɗaki ne kaɗai ya san inda yake.